Yadda Ake Riƙe wa Tsoho Magana da Waƙa

Tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake zaman ribaɗi a Wurno, inda Allah Ya yi masa rasuwa a 1837, ƙanwarsa Nana Asma'u ta fahimci cewa abin da aka rera ya fi abin da aka faɗa zama a zuciya, don haka ta zuba hukunce-hukuncen addini cikin waƙa, jajojin 'Yan Taru, wato matan da ta koyar, suka riƙa kai wa matan ƙauyuka. Ga wannan hikima likitoci suka komo wajen jinyar gigin tsufa, domin a 2010 masu bincike a Boston ta Amurka sun tarar masu cutar Alzheimer sun fi gane baitin da aka rera musu bisa wanda aka karanta.

Da farko a kai tsohon ga likita, ko a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, gama ba kowace mantuwa ce gigin tsufa ba. Bayan haka a bincika wajen tsararrakinsa wace waƙa ya tashi da ita yana tsakanin shekara 10 da 30, ko Ishiriniya ce da ya saba ji daren Mauludi, ko ta Narambaɗa, ko kuwa, in tsohuwa ce, waƙar daka da niƙa ta lokacin amarcinta. Nan ne aikin yake, domin waƙar da jikoki suke so ba ta buɗe masa kome.

Sa'an nan a zaɓi hantsi, kafin gajiya ta sauko, a kashe rediyo, a zauna gaba da gaba, a ɗauko waƙar a hankali, a yi shiru a bakin amshi. Sau da yawa za a ga leɓɓansa sun fara motsi, yatsunsa suna buga tabarma, ya ƙarasa baitin da kansa. Idan karin ya zauna, sai a ɗora masa magana guda tak, gajera, kamar sunan jikarsa ko shan magani bayan Azahar, a bisa karin waƙar duniya, kada a taɓa lafazin yabon Annabi. A maimaita kullum a lokaci ɗaya.

Wannan ba ya warkar da cutar, kuma idan waƙar ta tono masa baƙin ciki har ya firgita, wajibi ne a dakata, a sake wata gobe.