Darasin Juma'a: Mu Rubuta Bashi Tun Muna da Rai

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW).

'Yan'uwa, yawancinmu da muke sallah a nan Liman Abaji nema ne ya kawo mu Keffi. Wani daga Kano, wani Katsina, wani Sakkwato, wani ma daga Maraɗi. Wasu suna kasuwa, wasu kullum da asuba suna kan hanyar Mararraba zuwa Abuja. Iyali na can gida, dukiya na nan, lissafinta kuwa yana cikin kanmu kaɗai. To, in ta Allah ta kasance yau, wa ya san wanda ke binmu da wanda muke bi?

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan bashi ta sauka: a rubuta shi, ƙarami ne ko babba, a yanka masa lokaci, a kafa shaidu. Bukhari kuma ya ruwaito cewa an kawo gawar wani mai bashi, Manzon Allah (SAW) bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

Mu tuna yadda shari'a ta jera abin da mamaci ya bari. Da farko hidimar jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan magada. Ka ga ke nan, in ba a san bashin ba, marayu za su ci haƙƙin wani ba da saninsu ba, ko kuma wani ya ci nasu.

Ga kuma batun banki. Sunan ɗan'uwan da muka rubuta a fom ranar buɗe asusu bai mai da shi magaji ba, kuma banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardar kotu. A ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2024, asusun da ya shekara goma a kwance ana mayar da kuɗinsa hannun Babban Bankin. Magada na iya nema, amma yaya za su nemi abin da ba su san da shi ba?

Don haka kowa ya sayi ɗan littafi a makon nan, ya rubuta:

1. Wanda ke binmu da wanda muke bi, da adadi da ranar biya. In buhun masara aka ranta, a rubuta buhu. In kuɗi ne, a rubuta kuɗi, don farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya.
2. Ajiyar mutane da ke hannunmu, da zubin adashi.
3. Abin da muka tura gida don fili, gini ko shanu, da sunan wanda yake riƙe da shi.
4. Bankuna da manhajojin waya da muke ajiya a ciki, ban da lambar sirri.

Shaidu biyu su sa hannu, uwargida ko wani amintacce ya san inda littafin yake.

Wani zai ce, "Haba Malam, ɗan'uwana ne fa, uwa ɗaya uba ɗaya!" Gaskiya ne, amma Wanda Ya ce a rubuta Ya fi mu sanin zumunci. Sau da yawa ba cin amana ke raba 'yan'uwa ba, mantuwa ce.

Allah Ya biya mana basussukanmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.