Amsoshin Tambayoyinku: Injiniyan da ke kare tashar gas daga gobara

Wani mai sauraronmu daga unguwar Nima a birnin Accra, ya ce ɗansa na son karatun injiniya, yana tambaya: mene ne aikin injiniyan kayan cikin gini a wurare masu haɗari?

To Malam, wani ke tada bango, shi kuma wannan injiniya ya tsara wutar lantarki, hanyar iska, bututun ruwa da na'urorin kashe gobara. A wuri irin matatar mai ta Tema ko masana'antar gas ta Atuabo, rayukan ma'aikata na hannunsa.

Ɗauki iskar gas ta girki. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta tsiyaya sai ta kwanta ƙasa, ta bi kwata. Shi ya sa injiniyan ke dasa na'urar sansano ta kusa da daɓe, ya kuma sa makunnin fitila a rufaffen akwatin ƙarfe, don kada tartsatsi ya fito.

Mutanen unguwannin Nima da Maamobi ba su manta daren 3 ga Yuni 2015 ba, lokacin da ambaliya ta kwaso fetur daga wani gidan mai a unguwar Circle ta Accra, wuta ta kama, mutum sama da 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Magudanar da ke raba mai da ruwa ma aikin wannan injiniya ce, kuma a ganinmu ba a ba ta muhimmancin da ya kamata.

Yaron ya dage da lissafi da kimiyya, ya nemi fannin lantarki ko na injuna a jami'ar KNUST da ke Kumasi. Allah ya ba shi sa'a.