Amsoshin Tambayoyinku: Furosesa Zan Sauya ko Babban Allon Kwamfuta?

Wani mai sauraronmu daga Kano ya ce kwamfutarsa ta wasanni tana sanyin jiki, furosesarsa Ryzen 5 2600 ce a kan allo samfurin B450. Yana tambaya ko dole ne ya sauya duka biyun.

To malam, ba dole ba ne. Abin da za ka fara dubawa shi ne soket, wato gurbin da furosesa ke zama a jikin allon. Naka AM4 ne na kamfanin AMD, kuma an daɗe ana yi masa furosesa. Ryzen 5 5600 za ta zauna a ciki, haka ma Ryzen 7 5800X3D da ta fito a 2022, wadda ke da ma'ajiyar gaggawa mai megabayit 96, abin da wasanni ke matuƙar so. Sai dai ka sabunta manhajar BIOS tun tsohuwar furosesar tana ciki, kuma don Allah ka haɗa da inbata ko batir, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin tana iya kashe allon.

Idan kuwa ka koma soket ɗin AM5, sai ka sayi sabon allo da sabuwar RAM nau'in DDR5, domin DDR4 ɗinka ba za ta shiga ba. Kuɗi ne masu kauri.

Shawarata, ka tsaya a allonka. Rarar kuɗin ka zuba a katin hoto, domin a yawancin wasanni shi ne ke ɗaukar nauyi mafi girma.