Kumburin Ɓoye da Raunin Tsoka a Jikin Kakanninmu Mata

A Dangoma, kamar sauran garuruwan Kalgo da Gwandu, da zarar tsohuwa ta fara dafa bango kafin ta miƙe daga tabarma, sai a ce "ai tsufa ne". Tsufa na da hannu, amma ba shi kaɗai ba ne.

Kowa ya san kumburi: ka ji rauni, wurin ya tashi, ya yi zafi. Haka jiki ke yaƙar cuta. To amma akwai wanda ido ba ya gani, yana ci a hankali cikin jiki shekara da shekaru kamar wutar ƙaiƙayi. Gwajin jini ne ke nuna shi, idan sinadaran IL-6 da CRP suka hau. Teɓa, ciwon suga, ciwon dasashi da hayaƙin itacen girki duk suna rura shi. Ga mata kuma, bayan ɗaukewar al'ada sinadarin istirojin, wanda ke taimakawa wajen danne kumburin, yana raguwa.

Ina ruwan wannan da ƙarfin jiki? Irin wannan kumburi na sa tsoka ta riƙa zagwanyewa fiye da yadda jiki ke sake gina ta. A 2002, Luigi Ferrucci da abokan aikinsa sun fitar da binciken da suka yi kan mata 620 'yan shekara 65 zuwa sama a Baltimore, Amurka. Waɗanda IL-6 ɗinsu ya yi yawa sun fi saurin rasa ƙarfin ƙafa, tafiya kuma ta fi saurin gagararsu. Daga nan sai zama, zama ya ƙara ƙiba, ƙiba ta ƙara kumburi.

Ga gwajin da za ka iya yi a gida. Inna ko Goggo ta zauna a kujera, ta rungume hannu a ƙirji, ta tashi ta zauna sau 5, kana tsaye kusa da ita. Ƙa'idar masanan Turai ta 2019 ta ce idan ta wuce daƙiƙa 15, alamar rauni ce. Sai a kai ta asibiti a duba suga da jini.

Abin daɗin shi ne tsoka tana farfaɗowa. A 1990, Maria Fiatarone ta sa tsofaffi 'yan wajen shekara 90 atisayen ɗaga nauyi na mako 8 a Boston, ƙarfin ƙafarsu ya ninka.

Saboda haka "zauna ki huta, Inna" ba kullum ne gata ba. A bar mata shara, tankaɗe da zuwa barka da ƙafa. A ƙara mata wake, gyaɗa, nono, kifi da ƙwai, kada a bar ta da kunu kawai. Su ibuprofen da diclofenac na kemis kuwa ba sa gina tsoka, kuma yawan shansu na lalata ƙoda da ciki.

In mun je hutu, bayan gaisuwa, mu jawo kujera mu gwada.