Daraktocin Kamfani da Ruwan Damina

Mahaifina manomin shinkafa ne a fadamar Kebbe, wani kamfani ke sayen amfaninsa. Bara ambaliya ta cinye gonar, kamfanin ma ya rasa abin casa. Da na koma makaranta a Tambuwal, na tambayi malaminmu wa ke da alhakin hango irin wannan. Ya ce daraktoci ne, watau mutanen da masu hannun jari suka zaɓa su sa wa kamfani ido. Dokar canjin yanayi ta 2021 ma ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye ya naɗa jami'in kula da yanayi. A ganina, kafin daraktoci su lissafa riba, su tanadar wa manoma iri mai jure ruwa. Tun ran gini, ran zane.