Guba Ba Sai Ta Kashe Ba

Tambaya: Ana ta cewa ruwan masana'antu yana lalata Kogin Challawa, amma ni ba kasafai nake ganin mataccen kifi ba. Abin da na sani shi ne kamu ya ragu, kifin kuma ya ƙanƙance. Anya gubar ce? Daga wani masunci a Kano.

Amsa: Yawan kamu da raga mai ƙananan ido suna da nasu laifin, amma rashin ganin gawa ba ya wanke ruwan.

Ƙarfin da kifi ke samu daga abinci wuri uku yake tafiya: gyaran jiki, girma, da yin ƙwai. Gyaran jiki ne ke fara ɗauka, ragowar kuma ita ake rabawa. Idan sinadarin kuromiyam, wanda ake jimar fata da shi, ya shiga ruwa, hantar kifi takan duƙufa wajen tace shi, gaɓoɓin numfashinsa kuma su yi ta neman gyara. Kamar magidanci ne da kuɗin magani ya cinye masa albashi: yana nan da ransa, amma gida ba ya ci gaba. Sai karfasa ta tsumbure, ƙaramar mace kuwa ƙwanta kaɗan ne. Baɗi 'ya'ya su ragu, baɗin baɗaɗa iyaye su ragu.

Wata gubar ma kai tsaye take taɓa haihuwa. Daga 2001 zuwa 2003, Karen Kidd da abokan aikinta sun riƙa zuba sinadarin ƙwayar tsarin iyali a wani tafkin gwaji a Ontariyo ta Kanada, kashi 5 zuwa 6 kacal cikin tiriliyan. Mazan wani ƙaramin kifi suka fara samar da sinadarin gwaiduwa irin na mata, haihuwa ta tsaya, har ya kusa ɓacewa daga tafkin. Wannan ne ke ba ni tsoro, domin ido ba ya ganinsa sai aski ya zo gaban goshi.

Farfaɗowa ma ba ɗaya ba ce. Karfasa na balaga cikin watanni, tana iya dawowa da wuri idan ruwa ya gyaru. Giwan ruwa sai ya shekara biyu zuwa uku ko fiye. Don haka idan jami'an muhalli suka zo, a roƙe su su auna girman kifin, su duba ƙwan da ke cikin matan, kada su tsaya ga ƙirga matattu.