Kafin Ki Ɗauko Cokali

 

'Yata, daren jiya na ji kukan jaririnki tun daga ɗakina. Da faɗuwar rana ya fara, bai lafa ba sai da dare ya raba. Na ji takunki kina kai da kawowa, na ji kina rarrashi har muryarki ta dushe. Da safe da na shigo gaishe ki na ga idanunki sun kumbura, na kuma ga wata 'yar kwalba da cokali a gefen gado. Ban tambaye ki wanda ya kawo ba, domin na san da kyakkyawar niyya aka kawo. Zo ki zauna kusa da ni, mu yi magana kafin ki buɗe ta.

Wata tara yaron nan yana cikinki bai taɓa cin abinci da baki ba, ta cibiya komai yake isa gare shi. Ran da ya faɗo duniya cikinsa bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi ba, sai ya yi wata guda kafin ya kai girman ƙwan kaza. Hanjinsa sabo ne, yanzu yake koyon aiki. Yana tsotso yana haɗiyar iska, yana kuka yana ƙara haɗiya, kuma bai iya fitar da ita da kansa ba tukuna. Shi ya sa kike ganin yana naɗe ƙafafu zuwa ciki, fuska ta yi ja, yana gantsarewa yana dunƙule hannu. Da zarar ya yi gyatsa ko ya saki iska ta ƙasa, sai ki ga jikinsa ya saki. Wannan ba mayu ba ne, ba sammu ba ne, kuma nononki bai lalace ba. Kada ki bari kowa ya sa miki wannan a rai.

Gyaran yana farawa tun daga yadda kike ba shi mama. Kada ki jira sai ya ɓarke da kuka. Idan kin ga yana juya kai, yana tsotsar hannu, yana motsa leɓe, yunwa ce ta yi sallama, ki ɗauke shi a lokacin. Yaron da ya yi kuka ya gaji yakan kama nono da gaggawa, ya sha iska tare da ruwan. Ki zauna ki jingina bayanki, ki juyo da shi cikinsa ya haɗu da naki, kansa ya ɗan fi cikinsa tudu. Ki jira ya wangale baki sosai, ya kama har baƙin da ke kewaye da kan nonon, haɓarsa ta taɓa mama, leɓen ƙasa ya juyo waje. In kina jin "tsut-tsut" ko kina jin zafi, kamun bai yi ba. Sa ɗan yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ki zare a hankali, ku sake. Ki bar shi ya gama da ɗaya kafin ki juya shi ga ɗayan. In ruwan yana zubowa da ƙarfi har yana ƙware shi, ki ɗan kishingiɗa baya, ko ki tatse kaɗan tukuna.

Bayan ya sha, sai aikin kafaɗa. Ki shimfiɗa tsumma mai tsabta, ki ɗora shi a ƙirjinki, haɓarsa a kan kafaɗarki, hannu ɗaya ya tallabe shi, ɗayan yana shafa bayansa daga ƙasa zuwa sama, kina ɗan bubbugawa kamar mai rarrashi. In hakan bai yi ba, ki zaunar da shi a cinyarki ya ɗan sunkuyo gaba, tafin hannunki ya riƙe ƙirjinsa da haɓarsa, ban da maƙogwaro. Ko ki kifa shi a cinyoyinki, kansa ya ɗan ɗaga, ki shafa bayan. Wani lokaci gyatsar takan zo nan take, wani lokaci ba ta zuwa sam, kuma ba laifi. Ki dai riƙe shi a tsaye kamar minti 10 zuwa 15 kafin ki kwantar. In ɗan tumbuɗi ya biyo baya, ki goge ki ci gaba, haka jarirai suke.

Iskar da ta riga ta gangara hanji kuwa, ta ƙasa za ta fita. Ki bari abin da ya sha ya ɗan faɗa, ki kwantar da shi rigingine a kan zani. Ki murza tafukanki su yi ɗumi, musamman in hunturu ya shigo, don kin san sanyin da ke saukowa daga duwatsun Kagoro. Ki lakato ɗan man kaɗe mai tsabta, ki shafa cikin da yatsu biyu ko uku, kina zagayawa yadda hannun agogo ke tafiya, domin haka babban hanji ya kwanta: ya hau ta damansa, ya ratsa sama, ya sauka ta hagunsa. In cibiya ba ta faɗi ba ki kauce mata. Sannan ki kama ƙafafunsa ki juya su kamar mai tuƙa keke, ki ɗan kai gwiwoyin zuwa ciki, ki sake. Kada ki danna da ƙarfi. Wanka da ruwan ɗumi ma yana taimakawa, haka ɗora shi a ƙirjinki fata da fata. Kina iya kifa shi a damtsenki kina zagayawa da shi, amma in barci ya zo, rigingine za ki kwantar da shi koyaushe. Kwanciyar rub-da-ciki sai yana farke kuma idonki yana kansa.

To, mu dawo kan kwalbar nan.

Mu nan ƙasar citta ce. Daga Kachia zuwa Kwoi da Kagarko, da ita ake biyan kuɗin makaranta, da ita ake aurar da 'ya'ya. Babba in cikinsa ya kumbura ya sha ruwan citta ya ji daɗi, don haka hannu yakan yi saurin ɗiga wa jariri. Wata za ta ce dauri, wata jiƙon kanwa, wata ruwan zafi da sukari, wata zuma. Mu ma an ba mu, mun kuma bai wa namu, don iyakar abin da muka sani ke nan. Amma mun ga yaran da gudawa ta kwashe cikin kwana biyu, muka ce ajali, alhali ruwan da aka jiƙa maganin ne ya kai musu cuta. Wanda ya ga wannan da idonsa bai kamata ya yi shiru ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, domin kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma wannan karin magana ne a kan shawarar manya. Zuma ta gaske ba ta shiga bakin yaro sai ya cika shekara, saboda takan ɗauko wata ƙwayar cuta mai kashe jijiyoyin jariri har numfashi ya gagare shi.

Na kantin magani ma ki yi hattara. Wannan Gripe Water da ake yayi, wani mai haɗa magunguna ne a Ingila, William Woodward, ya fito da shi a 1851, kuma na farkon har da barasa da sukari a ciki. Yau an sauya haɗin, amma likitoci ba su samu tabbacin yana warkar da murɗar ciki ba. Ke kina ƙarama a 2008, lokacin da wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin ya gurɓata da sinadari mai kashe ƙoda. Yara 84 aka rasa a ƙasar nan, har da na jiharmu, hukumar NAFDAC kuma ta kwashe shi daga kasuwa. Iyayen nan ba mugaye ba ne, kuka kawai suke so ya tsaya. Duk abin da ba ma'aikacin lafiya ne ya duba yaron ya rubuta ba, ki bar shi a kan kanta.

Za a ce miki ciwon cibiya ne, a gasa ta da tsumma mai zafi. Za a ce beli ne, a kira wanzami. Gashi yana ƙona fatar da ba ta yi ƙwari ba, aska kuma tana zubar da jinin da bai taka kara ya karya ba, ta buɗe wa cuta ƙofa. Garin neman gira ake rasa ido. Cibiya ki shafa mata man da aka ba ki a asibiti kawai, za ta faɗi da kanta cikin mako ɗaya ko biyu. In wata babba ta matsa miki, kada ki yi mata tsaurin ido. Ki ce, "Mama, na gode, amma nas ta ce in dakata." In abin ya fi ƙarfinki ki turo ta wurina, mu tsofaffi mun san yadda muke yi da junanmu.

Ke kuma ki ci abincinki. Ki sha faten acca da kunun gyaɗa, ki ci ganye da wake, ki sha ruwa da yawa. Ba waken da kika ci ne ya zama iska a cikinsa ba. Kunun kanwa ne zan ce ki sassauta, domin tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura yawan kanwa da zafin jego mai tsanani suna raunana zuciyar mai haihuwa.

Akwai yaran da za a yi musu duk wannan su ci gaba da kuka, yawanci da yamma. Wani likitan yara a Amurka, Morris Wessel, ya siffanta su tun 1954: lafiyayyen yaro mai ƙoshi, amma yana kuka fiye da awa 3 a rana, kwana 3 a mako, har mako 3. Abin yakan kai ƙololuwa wajen mako na 6, kusa da arba'in ɗinki ke nan, ya lafa a wata na 3 ko na 4. In yana kama nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, yana jiƙa tsumma sau 6 ko fiye, nauyinsa yana hawa a wurin awo, to ki kwantar da hankalinki. Lokaci ne maganinsa.

Amma ki riƙe waɗannan kamar sunanki. In jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, in ya ƙi nono, in ya yi laushi ba ya farkawa sosai, in amansa kore ne ko yana feso shi da ƙarfi bayan kowane sha, in kin ga jini a kashinsa, in ciki ya kumbura ya yi tauri bai sauka ba, in numfashi yana sama-sama, in yana fizge-fizge, in ido da tafin hannu sun yi ɗorawa, wannan ya wuce iska. Kada ki jira gari ya waye. Ga babban asibitinmu nan cikin Kafanchan, ga ƙananan asibitoci a unguwanni da ƙauyuka. Ki ajiye lambar mai Keke ɗaya da kika yarda da shi, da ɗan kuɗi a ƙulle a bakin zani. Gara a ce kin yi gaggawa da a ce kin makara.

Kai kuma ɗana, na san kana jin mu daga bakin ƙofa, shigo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafaɗarka ta fi tata faɗi, ƙirjinka ya fi ɗumi. In ta gama shayarwa ka karɓe shi ka yi masa gyatsa, ta samu ta runtsa. Kada ka ce mata, "Yi masa wani abu mana ya yi shiru," domin wannan maganar ce take kai hannu ga cokali. Ku duka biyun ku ji ni da kyau: komai zafin kuka, ba a jijjiga jariri. Wuyansa bai riƙe kansa ba, jijjiga ɗaya ta fushi tana iya zubar da jini a ƙwaƙwalwarsa. In ran ɗayanku ya ɓaci, ya kwantar da shi rigingine a wuri mai aminci, ya fita tsakar gida ya sha iska, ya kira wani. Neman taimako ba abin kunya ba ne. Ga maƙwabta, ga matan zumunta, ga matan Islamiyya, a garin nan ba a taɓa barin mai jego ita kaɗai ba.

Yanzu miƙo min kwalbar in ajiye. Yau da faɗuwar rana, in ya fara, kada ki tsaya zagaye ɗaki ke kaɗai. Ki ba shi mama, ki ƙwanƙwasa min ƙofa. Kafaɗar nan tawa ta ɗauki uwarki, ta ɗauke ki, ba za ta gaza da shi ba. Allah Ya ba ki haƙuri da lafiyar shayarwa, Ya nuna mana ranar da zai ruga tsakar gidan nan da ƙafafunsa.